Fitilun da Auta Ta Aiko

Ranar Litinin, shida ga watan Fabrairu, 2012, da ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe, wani dattijo ya shigo ofishinmu na inshorar motoci riƙe da jakar leda. Ya tsaya a bakin ƙofa ya goge takalminsa har sau uku a kan buhun da muke shimfiɗawa, ko da yake ba a yi ruwa ba. Na san ranar da lokacin ne domin ina da littafin da nake rubuta duk wanda ya zauna a gaban teburina, da lambar motarsa, da abin da ya kawo shi. Ba ofis ne ya sa ni ba, ɗabi'ata ce. A layinsa na wannan rana na rubuta: "Sabuwar inshora. Ƙaramar motar kaya, fara. Takardu sun cika." Ba kasafai nake samun damar rubuta wannan jimla ta ƙarshe ba.

Kowace takarda tana cikin ledarta. Lasin daban, takardar sayen mota daban, ta lafiyar mota daban. Ya jera su a kan teburin a hankali kamar mai jera ƙwai, kuma ba a jima ba na gane cewa sana'ar ke nan. Shekara talatin da ɗaya yana tuƙa motocin mutane, sai a wannan shekarar ya mallaki tasa, tsohuwa ce, shi ne na uku da ya riƙe ta. Wata gonar kaji da ke bayan gari ce ta ɗauke shi yana kai mata ƙwai shaguna. Yakan fita kafin gari ya waye ya yi lodi, ya shigo gari daidai lokacin da masu shaguna ke buɗe ƙofa.

Na tambaye shi, "Baba, wadda ke biyan ɓarnar wanda ka buge kawai za ka yi, ko wadda ke biyan har da ta motarka?"

"Wace ce babbar?"

"Ta biyun."

"Ita za ka rubuta, Malam Akawu. Idan motar nan ta kwanta, ba ni da mai tashe ta."

Hawainiya direbobin tasha suke kiransa, saboda tafiyarsa. Shi da bakinsa ya faɗa mana, yana dariya har da share hawaye. Wai idan ya iso sai su ce, "Hawainiya, jiya ka taso ko shekaranjiya?" Shi kuma ya ce musu mai ɗaukar ƙwai ba ya tsere da mai ɗaukar yashi. Na lura yana jin daɗin maimaita tsokanar nan fiye da yadda wani zai ji daɗin yabo. A lokacin ban san dalili ba.

Daga wannan shekarar, kowace shida ga Fabrairu sai ya zo da ƙafarsa ya sabunta, idan ta faɗo ranar hutu ya zo ranar aikin da ta gabace ta. Na sha gaya masa ana iya yi ta waya. Sai ya ce waya ba ta ba mutum kujera. Aikin minti goma ne, amma yakan yi awa guda, wani lokaci da rabi. Yana shigowa mai karɓar kuɗinmu, mace mai barkwanci wadda a haife ya yi jika da ita, za ta ɗago kai daga bayan gilashinta.

"Angona ya iso!"

"Amarya, shekara guda cur ko wasiƙa babu?"

"To wa zan ba ya kawo maka? Kai da ka tafi a wannan motar taka, ai sai shekara ta zagayo kake isowa."

"Sannu ba ta hana zuwa, yarinya."

"Sai dai amarya ta tsufa a hanya."

Sai ya ajiye mata rabin kiret na ƙwai a gefen taga, ta ce ya yi kaɗan, ya ce baɗi zai cika.

Abin da na sani game da rayuwarsa a waɗannan ziyarce-ziyarce na tsinta, kaɗan-kaɗan, shekara bayan shekara. Matarsa ta rasu tun kafin ya sayi motar. Sun haifi uku, biyu ba su zauna ba, shi ya sa ake kiran wadda ta rage Auta alhali ba ta da yaya ko ɗaya da zai ce mata haka. Ta yi aure, aiki ya kai mijinta wata ƙasa mai nisa, ta bi shi. Tana kiransa ranar Lahadi ta farko a kowane wata da ƙarfe huɗu na yamma. Yana da jikoki biyu da ya sani a hoto. A cikin motar shi kaɗai yake tafiya, shi ke lodi shi ke saukewa, domin ya ce hannun wani bai san ƙwai ba. Abincinsa a bakin hanya, a cikin motar, ƙofa a buɗe. Da ya ce "mu", shi da motar yake nufi.

Na tsallake shekaru biyar domin babu abin da ya canza a cikinsu. Layinsa a littafina iri ɗaya ne: "Sabuntawa. Babu haɗari."

Ranar Talata, shida ga Fabrairu, 2018, ko takalminsa bai goge ba. Ya wuce amaryarsa tana kiransa bai tsaya ba, ya zo ya kama hannun rigata.

"Taso, Akawu, taso ka gani."

Ya ja ni zuwa taga. Motar tana ƙasa a bakin titi, an wanke ta tas. A gabanta, a kan wani ƙarfe da aka ɗaure sama da bamba, ga wasu fitilu biyu zagayayyu, kowace ta kai faifai, baƙin gefe, gilashinsu yana walƙiya.

"Auta ce ta aiko," ya ce. "Auta. Wata rana a waya na ce mata hanyar gona duhu, ga ramuka, idona kuma ba kamar da ba. Magana ce kawai na yi, wallahi ban roƙe ta ba. Wata biyu sai ga kwali. Ita ta rubuta sunana a jiki da hannunta. Shekara shida, Akawu, ban taɓa riƙe abin da hannunta ya taɓa ba sai wannan."

Na ce masa sun yi kyau, domin sun yi kyau ɗin.

"Kyau? Ai ba ka ga komai ba sai ka gan su da asuba. Allura ka jefar a titi zan nuna maka ita." Ya rage murya kamar mai faɗin asiri. "Kuma ka san wani abu? Tun da na sa su, kowa gaishe ni yake yi a hanya. Da, sai in yi tafiyar nan gaba ɗaya ba wanda ya san na wuce. Yanzu duk motar da ta taho sai ta ƙyafta mini fitila, wani har sau uku, wani ya haɗa da hon. Manyan motoci ma. Ni ma sai in ƙyafta musu, in ɗaga hannu. Na ce ashe mutane suna da kirki, gani na ne ba sa yi."

Mai karɓar kuɗi ta ce daga can, "To angona ya yi farin jini, na shiga uku." Muka yi dariya mu duka.

Ni ban taɓa tuƙa mota ba. Shekara ashirin da huɗu ina rubuta takardun motoci, amma da bas nake zuwa aiki, a kujerar baya, da rana tsaka. Ban san abin da ƙyafta fitila ke nufi tsakanin direbobi ba. Muka koma tebur na ɗauko fom. Yadda nake yi wa tsofaffin abokan hulɗa shi ne in buɗe fom ɗin bara a gefe, in kwafe shi layi-layi a kan sabo don kada a sami saɓani, sannan in tambayi mutum, "Komai na nan yadda yake?" Na tambaye shi, ya ce komai na nan, sai godiya. Tambaya ta goma sha bakwai a fom ɗinmu tana cewa, shin an yi wa motar wani canji ko ƙari bayan abin da kamfanin da ya ƙera ta ya sa mata? Bara amsar "A'a" ce. Na kwafe "A'a". Tsakanin teburina da tagar da na tsaya na yaba fitilun, taku huɗu ne. Ya sa hannu a ƙasa.

Haɗarin ya faru ranar Alhamis, sha ɗaya ga Oktoba, 2018, gab da wayewar gari, a wata kwana da ke kusa da kwalbati a hanyar gona. Yana tahowa da lodi, wata ƙaramar mota tana fita. Ma'aikaciyar jinya ce a ciki, za ta karɓi aikin safe a wani asibiti da ke bayan gari. Ta bar hannunta ta shigo nasa. Ya kauce mata, ta gogi gefensa ta faɗa rami, shi kuma ƙafar gabansa ta afka kwalbatin. Ita ta karye a tsintsiyar hannu. Shi ko ƙwarzane bai yi ba, amma gaban motar ya lotse, ƙarfen ƙafafun gaba ya karye, ƙwai kiret tamanin ya zama ruwa. Fitilun Auta kuwa, da yake suna sama, ko tsagewa ba su yi ba.

Ranar Litinin, sha biyar ga wata, ya zo ba da bayani. Ya zo da mai gyaran wutar mota, wanda ya sa masa fitilun, wani mutum mai kauri da baƙin mai a farce. Suna zaune a benci suna jira in gama da wani, ina jin su.

"Baba, ka ji maganata. Kafin mai duba ɓarna ya zo jibi, bar ni in kwance su. Minti goma sha biyar ne. In toshe ramukan, in shafa baƙin fenti, shi ke nan. Kowa haka yake yi."

"Me suka yi da za a ɓoye su? Sato su na yi?"

"Ba sata ba ce, Baba, mutanen inshora ne. Sun fi kaza tone-tone."

"Su tona. Ba don fitilun nan ba da na taka yarinyar nan. Su suka nuna mini ita tun daga nesa. Abin da ya cece ka ne za ka ɓoye kamar abin kunya?"

Mai gyaran wuta ya buga cinyarsa ya ce, "To, Hawainiya, na faɗa na fita."

Ƙa'idar ɗaukar bayani ita ce in rubuta abin da mutum ya faɗa yadda ya faɗe shi, in karanta masa, ya sa hannu. Ba na ƙarawa, ba na ragewa. Ya zauna ya fara, tiryan-tiryan, kamar mai karanta takarda. Ƙarfe nawa ya yi lodi, kiret nawa, gudun da yake yi, wanda bai kai na mai keke mai sauri ba.

"Na hango ta tun daga gangare. Na rage wuta. Rubuta wannan, Akawu, shekara talatin da bakwai ban taɓa haɗuwa da mota ban rage wuta ba. Ta ƙyafta mini, na ƙyafta mata. Ta sake, na sake. Na ɗaga mata hannu. Sai kawai na ga ta yo kaina."

"Ta ƙyafta maka sau nawa?"

"Uku ko huɗu. Ai ba ita kaɗai ba ce, kowa haka yake mini tun da na sa fitilun da 'yata ta aiko. Wata goma ke nan. Rubuta cewa 'yata ce ta aiko."

A gefen hannuna akwai kwafin bayanin ma'aikaciyar jinyar da 'yan sanda suka aiko da safe. Ta ce wani haske ya cika mata ido, ta yi ta roƙon mai motar da fitila ya rage bai rage ba, har ta daina ganin titi. Na dubi takardarta, na dubi tawa. Alƙalamina ya tsaya.

"Baba," na ce, "wannan na ƙarshen, na gaisuwar, ba dole ba ne ya shiga. Abin da ya faru ranar kawai ake so."

Mai gyaran wuta, da ke tsaye a bayansa, ya yi ta gyaɗa mini kai.

"Ƙarya na yi?"

"A'a."

"To rubuta. Su san ba baƙo ba ne ni a hanyar nan. Su tambayi kowane direba, an san ni."

Na rubuta. Na karanta masa tun daga farko har ƙarshe, ya gyara mini adadin kiret, ya sa hannu. Da zai fita mai karɓar kuɗi ta ce, "Angona, Allah ya kiyaye gaba." Ya ce, "Amarya, bana ƙwanki ya fashe a hanya, sai haƙuri."

Ranar Laraba na bi jami'in duba ɓarna zuwa garejin da aka ja motar, domin ni ke rubuta abin da ya gano. Mutum ne mai ƙarancin magana, ba mugu ba. Motar tana can ƙuryar wata doguwar rumfar kwano mai duhu, gabanta a kan tubala. Ya auna ɓarnar, ya faɗa ina rubutawa. Sannan ya tsaya a gaban fitilun ya daɗe. Ya bi wayarsu da yatsa har cikin mota.

"Ina makunninsu?" ya tambayi mai gyaran wuta.

"Ai a jikin na fitilun gaba na haɗa su, ranka ya daɗe. Da an kunna, duka su kama. Dattijo ne, na ce kada in cika masa maɓallai."

"Ba su zo da makunni a kwalin ba?"

Mai gyaran wuta ya sosa ƙeya. "Akwai wani ɗan abu da takarda."

Jami'in ya juya wurin dattijon ya yi masa bayani a natse. Doka ba ta hana ƙarin fitila ba. Abin da ta ce shi ne su kasance da makunninsu daban, kada a kafa su sama da fitilun motar na asali, kuma da zarar direba ya rage wuta su mutu. Waɗannan an kafa su sama, ba su da makunni, kuma ba sa mutuwa.

"Ina rage wuta," dattijon ya ce. "Kullum."

"Na yarda, Baba. Ka taɓa tsayawa a gabanta tana kunne?"

"Wa zai kunna mini in tsaya? Ni kaɗai ne."

Jami'in ya ce, "Zo nan." Ya kama hannunsa ya kai shi can bakin rumfar, kamar taku ashirin, ya juya shi ya fuskanci motar. Ya ce ya ɗan rusuna daidai tsayin wanda ke zaune a ƙaramar mota. Ya ce wa mai gyaran wuta ya shiga ya kunna.

Ina tsaye a gefensa. Ko da yake rana ce a waje, sai da na ji kamar an watsa mini tafasasshen ruwa a ido. Rumfar ta ɓace, motar ta ɓace, ba abin da ya rage sai fari. Dattijon ya kare fuskarsa da hannu biyu.

"Rage!" jami'in ya ɗaga murya.

Muka ji ƙarar maɓallin. Fitilun motar na ƙasa suka sunkuya. Na Auta suna nan yadda suke.

"Ya rage?" dattijon ya tambaya, hannunsa a fuska.

"Ya rage, Baba."

"Ce masa ya sake."

Aka sake, sau biyu. Sannan aka kashe. Ya daɗe a rusune bai miƙe ba, hawayen da hasken ya jawo yana bin kumatunsa, bai share ba. Can ya ce, ba da kowa yake ba, "Ashe zagina suke yi."

Mai gyaran wuta ya fito daga motar ya zagaya ta baya, ban sake ganinsa ba a ranar.

Na rubuta wa babban ofishinmu takarda ranar ashirin da biyu ga Oktoba. Na bayyana cewa mai motar ya nuna mini fitilun da kansa ranar da ya sabunta, cewa ni na cike tambaya ta goma sha bakwai, kuma bai ɓoye komai ba. Amsar ta zo ranar Talata, ashirin ga Nuwamba, shafi ɗaya. Sun ce wanda ya sa hannu a fom shi ke da amsoshin da ke ciki. Sun ce ko da an bayyana fitilun, ba za a amince da su ba a yadda aka haɗa su, domin sun saɓa wa dokar hanya. Sun kuma kawo maganarsa, kalma da kalma kamar yadda na rubuta, cewa wata goma direbobi suna yi masa alama, wanda a ganinsu ya isa gargaɗi. Za su biya ma'aikaciyar jinyar jinyarta da gyaran motarta, tun da doka ta wajabta. Motarsa ba za su gyara ba, kuma sun soke inshorar. Ni kuma aka ja mini kunne a takarda daban, tana cikin fayil ɗina.

Ba shi da akwatin gidan waya, wayarsa kuma na kira sau biyar ba a ɗauka ba. Ranar Lahadi, biyu ga Disamba, na kai masa wasiƙar da hannuna. Ɗaki ɗaya ne a bayan wani shagon sayar da taya, ana bi ta wani lungu. Gado na ƙarfe, kujera ɗaya, risho, buta, kofi ɗaya a kife a kan faranti ɗaya. A bango hoton yara biyu da kalandar gonar kaji, an zagaye Lahadin farko ta kowane wata da jan biro. Ya ba ni kujerar, ya zauna a gado. A ƙarƙashin gadon na hango kwali, da sunansa a jiki da rubutun hannu mai zagaye-zagaye. Ya kwance fitilun da kansa ya mayar da su ciki.

Na karanta masa wasiƙar. Na gaya masa abin da na rubuta wa babban ofis, na ce laifin tambaya ta goma sha bakwai nawa ne.

"Kai ka aiko su? Kai ka haɗa su? Bar shi, Akawu. Rashin sani ya fi dare duhu." Ya karɓi wasiƙar ya nemo leda ya sa ta. "Na je na ga yarinyar a gidansu. Na ce ta yafe mini. Ta ce, Baba, na ga kana ɗaga mini hannu, na ɗauka izgili kake yi." Ya girgiza kai. "Wata goma ina makantar da bayin Allah ina murna."

Na ce za a iya neman mai gyara da sauƙi, a biya a hankali. Ya ce ya tambaya, gyaran ya fi ƙarfin motar, balle nasa. Kuma ko an gyara, ya ce, ba tare da fitilun ba ba ya ganin hanyar gona. Wannan ya sani tun kafin ya yi wa Auta maganar duhu.

Ina shirin tashi wayarsa ta yi ƙara. Na dubi agogona, ƙarfe huɗu daidai. Na manta wace Lahadi ce. Ya yi mini alama in zauna, ya gyara hularsa kamar tana ganinsa. Ɗakin ƙarami ne, muryarta tana fitowa sarai.

"Baba, ina wuni? Ya ƙafar?"

"Lafiya lau, Autata. Ya maigidan? Ya mutanena, suna cin abinci kuwa?"

Suka yi maganar yara, da sanyin can, da tarin da ƙaramin ya yi. Sai ta ce, "Ya aiki? Fitilun suna nan dai ko?"

Ya dubi ƙarƙashin gadon. "Suna nan. Ko ƙwarzane babu."

"Suna haske sosai?"

"Kamar rana, Auta. Allah ya yi miki albarka."

Ta ce kuɗin waya zai ƙare, sai wani watan. Minti shida suka yi. Ya riƙe wayar a hannu bayan ta kashe.

"Abu ɗaya yarinyar nan ta aiko mini a shekara shida," ya ce. "In ce mata shi ya kwantar da ni?" Ya raka ni har bakin lungu. A nan ya tsaya ya ce, "Amma ka san wani abu, Akawu? Lokacin da na ɗauka gaisuwa ce, wallahi da daɗi."

Ranar Laraba, shida ga Fabrairu, 2019, da ƙarfe goma saura minti goma, ya shigo ofis. Ya goge takalminsa sau uku. Babu jakar leda a hannunsa, sai ƙwai shida a ɗaure cikin hankici.

"Angona!" mai karɓar kuɗi ta ce. "Yau da wuri? Ina hawainiyar motar taka?"

"Na sake ta, amarya. Yanzu a ƙasa nake, shi ya sa na iso da wuri."

Ya zauna a gaban teburina ya yi awa guda. Ya tambayi lafiyar iyalina ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko har yanzu fom ɗin yana da tambayoyi ashirin da biyu. Na ce eh, amma yanzu ina karanta wa kowa su da baki, ɗaya-ɗaya, kuma ina sauka in duba mota. Ya ce mutane za su tsane ni. Na ce sun fara. Da ya tafi na buɗe littafina, na rubuta ranar da lokacin, wurin lambar mota na ja layi, wurin abin da ya kawo shi na rubuta: "Gaisuwa."

An sayar da motar ga masu kayan gyara a watan Janairu na shekarar. Mai gonar kaji ya ba shi aikin tantance ƙwai a cikin sito, yana ware masu tsaga yana jera sauran a kiret, wani direba yana ɗauka. Bai sake tuƙi ba, lasinsa ya ƙare bai sabunta ba. Ya zo ofis a Fabrairun 2020 da na 2021, duka na rubuta kalma ɗaya. Ya rasu a ɗakinsa ranar tara ga Satumba, 2021, bayan jinyar kwana huɗu, mai shagon taya ne ya zo ya sanar da mu. Auta ba ta samu zuwa ba. Ta ce a raba kayan ɗakin, a sayar da motar a yi masa sadaka da kuɗin. Mai shagon bai san abin da zai ce mata ba, sai ya ce to. Fitilun suna wurinsa a cikin kwalinsu, a saman kanta, ya ce ba zai sayar ba sai ta zo.